Kuɗin Hanya a Ƙasar Nguru da Gashuwa: Daga Fiton Fatake zuwa Lasin Mota

Batun wanda ya kamata ya ɗauki nauyin gyaran hanya, da ma'aunin da za a bi wajen raba wannan nauyi tsakanin masu bin ta, tsohon batu ne a arewacin Jihar Yobe, domin ƙasar da ta haɗa Nguru da Karasuwa da Gashuwa ta daɗe tana cin abinci daga wucewar kaya da mutane tsakanin Kano da Borno. Hanyoyi biyu hukumomi suka fi bi wajen karɓar kuɗi daga matafiya. Ta farko ita ce kuɗin bai-ɗaya, wato a yanka wa kowane abin hawa abin da zai biya a shekara, ko ya yi tafiya ko ya kwana a gida, kamar yadda ake yi da lasin mota a yau. Ta biyu ita ce kuɗin nisa, wato mutum ya biya gwargwadon tsawon tafiyar da ya yi da nauyin kayan da ya ɗauka. Da yawa suna ɗaukar ta biyun a matsayin sabon abu da ya fito daga Amurka da Turai, alhali tarihin wannan yanki ya nuna cewa ita ce ta riga zuwa, kuma lasin shekara shi ne baƙon da ya shigo tare da mota.

Tun kafin zuwan Turawa, Nguru ita ce mazaunin Galadiman Borno, wanda aka ɗora wa tsaron yammacin daular da kula da ƙasashen da ke tsakaninta da ƙasar Hausa, yayin da Badawa ke riƙe da fadamun da ke kudu da gabas, inda ruwan Haɗeja da na Jama'are ke haɗuwa su zama kogin Yobe. Masarautar Bade ta zauna a Gorgoram kafin a mayar da mazauninta Gashuwa a zamanin Turawa. Ta wannan sashe ne kanwa da gishirin mangul na ƙasar Mangawa da dabbobi da busasshen kifi ke bi zuwa kasuwar Kurmi ta Kano, su kuma tufafin Kano masu rini da goron Gwanja da kayan ƙira su yi gabas zuwa Kukawa. Bajamushen nan Heinrich Barth ya bi ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi a shekarar 1851, lokacin da ya tashi daga Kano ya ratsa Gumel da Machina a kan hanyarsa ta zuwa fadar Shehun Borno a Kukawa.

Fatake ba sa tafiya ɗaiɗai, sai dai cikin ayari, ƙarƙashin madugu, wanda shi ne shugaban tafiyar kuma mai magana da yawun kowa a gaban sarakuna, da jagaba, wanda ke gaba yana nuna hanya. Tafiyar kanta da zango ake ƙidaya ta, wato wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana bayan tafiyar yini, kuma kusan duk ƙasar sarkin da aka shiga akwai abin da za a bayar. Wannan biya yana da sunaye dabam-dabam: garama ita ce kuɗin da ake ɗora wa kayan fatauci, gaisuwa ita ce kyautar da madugu ke kai wa fada domin a buɗe masa hanya, fito kuma shi ne ladan ƙetarar da mutum da kayansa a kogi, ko da yake kalmar ta faɗaɗa har ta zama sunan kuɗin wucewa gaba ɗaya. A bakin kogin Yobe da damina, idan ruwa ya cika ya shafe mashigi, sai ayari ya tsaya a sauke mangala daga bayan jakuna da takarkarai, masu fito su jera kayan a kwalekwale ko a kan manyan goruna da aka ɗaure da itace, su tura su zuwa ɗaya gaɓar suna iyo, dabbobin kuma a kora su cikin ruwa a bayansu. Ana ƙidaya kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da mai raƙumi zai biya ya fi na mai jaki, na mai jaki ya fi na ɗan koli da ya ɗauko kayansa a ka.

Idan aka dubi wannan tsari da kyau za a ga cewa abubuwa biyu yake aunawa, nisa da nauyi, domin wanda ya yi doguwar tafiya ya fi ratsa ƙasashe da koguna, saboda haka ya fi biya, wanda kuma ya fi kaya ya fi biya a kowane mashigi. Manomin da bai bar garinsu ba babu ruwansa da garama. Abin da falke ke sa rai a madadin kuɗinsa shi ne aminci daga mahara da 'yan fashi, da rijiyar da zai shayar da dabbobinsa, da masauki a zango, da alƙalin da zai kai wa ƙara idan an cuce shi. Aibin tsarin shi ne rashin tsayayyen farashi, domin abin da za a biya ya dogara ga ƙarfin sarki da iya bakin madugu, amma yana da nasa linzamin: sarkin da ya tsananta karɓa ko ya kasa tsare hanya, sai ayari su kauce wa ƙasarsa su bi ta maƙwabcinsa, kasuwarsa ta mutu.

Da Turawan Ingila suka ci Borno a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903, gwamnatin Frederick Lugard ta karɓe wannan kuɗi daga hannun sarakuna ta mayar da shi nata, ta kuma sa masa ƙa'ida: kashi 5 cikin 100 na ƙimar kaya a kowane lardi da ayari ya ratsa, har zuwa iyakar kashi 15 cikin 100 ga wanda ya ratsa larduna uku ko fiye. Bisa wannan lissafi, falken da ya ɗauko kanwa daga lardin Borno ya kai ta Kano ya biya sau biyu, idan ya zarce Zariya ya cika na uku. Hujjar da gwamnatin ta bayar ita ce ta kawar da fashi a hanya kuma za ta gyara turakun fatake. Wannan shi ne karo na farko da aka rubuta kuɗin nisa a matsayin doka guda ga Arewa baki ɗaya, sai dai bai yi tsawon rai ba, domin fatake sun koka da tsaiko da zaluncin masu ƙimanta kaya a tashoshin karɓa, kamfanonin Turawa su ma sun koka cewa yana daƙile cinikin hajarsu, har aka soke shi a 1907, shekara guda bayan tafiyar Lugard. Daga nan gwamnati ta fi dogara ga haraji da jangali, aikin share hanya kuwa ya faɗa kan talakawa, waɗanda En'e, wato hukumar gargajiya, ke tarawa ta hannun hakimai da dagatai su yi shi da fartanya da kwando.

Jirgin ƙasa ne ya dawo da lissafin nisa, kuma ya dawo da shi cikin tsari mafi daidaito da yankin ya taɓa gani. Layin dogo ya isa Kano a 1911, sannan aka miƙa reshensa mai tsawon kimanin mil 143 ta Ringim da Malam Madori da Birniwa har ya tsaya a Nguru a 1930. Da yake Nguru ce ƙarshen layi, sai ta zama matattarar kayan arewacin Borno da na ƙasar Faransa da ke ƙetaren iyaka, wato Nijar ta yau: gyaɗa da ƙiraga da ƙaro da shanu da busasshen nama da kifi duk a nan ake tara su kafin a yi kudu da su, kuma kamfanoni suka buɗe kantuna, baƙi daga sassan Najeriya suka kafa unguwanni. A tashar jirgi babu ciniki irin na madugu da fada, domin ana ɗora buhu a kan sikeli, a dubi jadawalin da ya nuna ajin kayan da yawan mil ɗin da za su yi, a rubuta rasit. Mai tikitin Malam Madori ba ya biyan abin da mai zuwa Kano ke biya. Muhimmin abu a nan shi ne hukumar da ke karɓar kuɗin ita ce mai gyaran layin, saboda haka abin da aka biya yana da hanyar komawa ga ƙarfen da aka taka. Matsayin Nguru ya fara raguwa bayan da wani layin ya isa Maiduguri a 1964 ta Bauchi da Gombe, ya ƙara raguwa da harkar jirgin ƙasa ta durƙushe manyan motoci suka gaje kayanta.

Mota ta shigo da wani lissafi dabam. Dokokin zirga-zirgar motoci na zamanin mulkin mallaka, waɗanda aka tattara a dokar 1947, sun wajabta wa kowace mota rajista da lamba da lasin da ake sabuntawa, kuma wannan tsari ne ya ɗore har yau, inda gwamnatocin jihohi ke karɓar kuɗin ta hannun hukumomin tara kuɗin shiga. Sauƙinsa a bayyane yake, tunda ba a bukatar sanin inda mota ta je, takarda guda ta isa shaida, kuma an raba motoci aji-aji ta yadda babbar mota ta fi ƙarama biya. Amma a cikin kowane aji kuɗin ɗaya ne. Idan aka ƙaddara motoci biyu iri ɗaya, ɗaya ta malamin makaranta a Jajimaji, hedkwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, wadda ba ta wuce kilomita 3,000 a shekara, ɗaya kuma tana jigila tsakanin Gashuwa da Kano tana cin kilomita 60,000, to malamin yana biyan ninki ashirin na abin da ɗan'uwansa ke biya a kan kowane kilomita. Wannan shi ne irin ƙorafin da talakawan Arewa suka daɗe suna yi a kan harajin kai, wanda ke faɗa wa mai shi da marar shi kusan daidai, har gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke shi tare da jangali bayan hawansu mulki a 1979.

Rashin daidaiton ya fi fitowa fili idan aka shigo da batun nauyi. Wani babban gwaji da aka yi a jihar Ilinoyi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960, inda aka yi ta tuƙa motoci masu nauyi dabam-dabam a kan titunan gwaji har suka farfashe, ya nuna cewa ɓarnar da mota ke yi wa kwalta tana hauhawa da sauri fiye da nauyinta: idan aka ninka nauyin da ke kan layin ƙafafu guda, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi a jere, ɓarnar tana ninkuwa kusan sau 16. Ma'anar wannan ita ce tirela guda da aka yi wa lodin siminti ko hatsi fiye da ƙima tana cin titi fiye da dubban ƙananan motoci, babur kuwa kusan ba ya barin alama. A ƙasa irin ta Karasuwa, inda titi ke bi ta kan rairayi a wani wuri ya ratsa gefen fadama a wani, kuma ruwan damina ke jiƙa ƙarƙashinsa, nauyin da ya wuce ƙima yana saurin buɗe rami, ramin kuma ya zama kududdufi kafin kaka.

Ƙasashe da yawa sun rage wannan giɓi ta hanyar harajin mai, domin wanda ya fi tafiya ya fi shan mai, babbar mota kuma ta fi ƙarama sha, saboda haka kuɗin da aka ɗora a kan lita kuɗin nisa ne a fakaice. Najeriya ta bi akasin haka shekaru da dama, inda gwamnati ke biyan tallafi a kan fetur, wato mai yawan tafiya shi ne mai yawan cin moriya, har zuwa ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin. An gwada shingen karɓar kuɗin hanya, wanda jama'a ke kira tolget, a manyan titunan tarayya tun daga ƙarshen shekarun 1970, amma gwamnatin Olusegun Obasanjo ta rushe su a farkon 2004 bisa hujjar cewa abin da ke isa baitulmali bai taka kara ya karya ba, ta nemi maye gurbinsu da harajin naira ɗaya da kwabo hamsin a kan lita, ƙungiyar ƙwadago ta tashi tsaye har aka janye shi. Hukumar gyaran titunan tarayya, FERMA, wadda aka kafa a 2002, an gyara dokarta a 2007 aka tanadar mata kashi 5 cikin 100 na farashin fetur da gas, kashi 40 na abin da aka tara ya tafi gare ta, kashi 60 ga hukumomin gyaran hanya na jihohi, sai dai tanadin ya daɗe a takarda ba a aiwatar da shi ba. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da dawo da tolget, amma a kan tagwayen tituna kawai, abin da ke nufin titin Nguru zuwa Gashuwa, mai hannu ɗaya, ba ya cikin lissafin.

Wannan bai sa direban yankin ya huta da biya ba. A tashar motar Nguru, kafin ƙaramar motar haya ta tashi, ɗan kamasho ya cire nasa daga kuɗin fasinja, an yanki tikitin ƙungiyar direbobi na yini, ƙaramar hukuma ta karɓi kuɗin tasha, kuma idan ranar kasuwa ce akwai na lodin buhu da na kan dabba. Fasinja da nisa yake biya, domin mai sauka a Jajimaji ba ya ba da kuɗin Gashuwa, kuma ɗan acaɓa ba ya faɗin farashi sai ya ji sunan ƙauyen ya auna rairayin da ke gabansa. A kan hanya kuma akwai shingaye, waɗanda suka ƙaru a shekarun rikicin Boko Haram, kuma direbobi sun daɗe suna kokawa da abin da ake karɓa a wasunsu ba tare da rasit ba, duk da cewa doka mai lamba 21 ta 1998, wadda ta rarraba haraji tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, ta haramta kafa shinge a hanya domin karɓar haraji. Tsohon fito ke nan ya dawo, yana ƙaruwa da yawan zangon da aka yi kamar da, amma babu rijiya babu gyaran mashigi a madadinsa.

A wasu ƙasashe kuwa an mayar da kuɗin nisa doka mai tsari. Niyu Zilan ta fara a 1978, inda motocin gas da manyan motoci ke sayen lasin tafiya kilomita dubu-dubu gwargwadon nauyinsu. Jamus ta fara karɓar kuɗin kilomita daga manyan motoci a 2005 ta amfani da na'urar da ke magana da tauraron ɗan'adam. Jihar Origon ta Amurka, wadda ita ce ta fara ɗora haraji a kan fetur a 1919, ta buɗe shirin OReGO a 2015, inda direban da ya zaɓi shiga ke biyan santi ɗaya da rabi a kan kowane mil a farkon shirin. Abin da ya tura Origon shi ne motoci sun rage shan mai, masu lantarki kuma ba sa sha sam, sai harajin mai ya kasa riƙe tituna. Ko a maƙwabciya Nijar, direban da ya tashi daga Damagaram zuwa Diffa ya saba da yankar tikitin hanya gwargwadon inda zai tsaya.

Ɗauko wannan tsari a dasa shi a arewacin Yobe yadda yake zai gamu da matsaloli na zahiri. Yawancin motocin haya tsofaffi ne da agogon ƙidayar tafiyarsu ya daɗe da tsayawa ko aka taɓa shi, kaso mai yawa na zirga-zirgar ƙauyuka a kan babur da A Daidaita Sahu da amalanken shanu ake yinsa, a kan turakun da hukuma ba ta taɓa zuba musu tsakuwa ba, kuma babu adalci a karɓi kuɗin kilomita a inda ba a kashe ko kwabo ba. Mafi girma daga cikin matsalolin ita ce nisa a nan ba zaɓi ba ne. Matar da za a kai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru daga wani ƙauyen Karasuwa, da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da ma'aikacin da ke bin takardunsa a Damaturu, duk suna doguwar tafiya ne saboda abin da suke nema an ajiye shi nesa da su, kuma kuɗin mil da bai yi la'akari da wannan ba zai zama tara a kan zama a karkara. Duk abin da aka ɗora wa direba kuma a kan mudun gero da kuɗin fasinja yake sauka.

Abin da tarihin yankin ya tabbatar shi ne mutanensa ba su taɓa ƙin biya gwargwadon tafiya ba, tun daga falken da ke ƙidaya kayansa a bakin kogi har zuwa fasinjan da ke miƙa kuɗin Jajimaji, abin da suka ƙi shi ne biyan da ba su ga amfaninsa ba. Garama ta ɗore inda sarki ya tsare hanya, kuɗin jirgi ya ɗore muddin jirgi na zuwa, kuɗin ayarin Lugard da tolget na tarayya kuwa sun faɗi saboda mai biya ya fi ganin shinge a kan gyara. Idan hukumomi na neman gyara, wurin farawa shi ne manyan motocin da suka fi cin titi, a auna su a sikeli a karɓa gwargwadon nauyi da nisa, a sassauta wa ƙananan motoci da babura, a kawar da karɓar da ba ta da rasit, a kuma keɓe abin da aka tara cikin asusun da jama'a za su san abin da ya shiga da titin da aka gyara da shi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wannan hukunci ya hau kan duk hukumar da ta karɓi kuɗin hanya daga hannun direban Nguru da Karasuwa da Gashuwa.